Darlene Coombs da Sabon Ma'aunin Zurfi

Ranar Litinin, sha biyu ga Afrilun 1999, na fara ganin Darlene Coombs. A makon ne na kama aikin akawu a yadin ajiya da gyaran jiragen ruwa na garinmu da ke gaɓar Maine, ban ma gama sanin inda ake rataye makullai ba. Ta turo ƙofar ofis da kafaɗa, don hannuwanta duk jan fentin gindin jirgi ne har gwiwa, ta ce a sa musu ranar da za a saukar da jirginsu ruwa. Na tambaye ta sunan mai jirgin.

"Rubuta Merrill Coombs," in ji ta. "Shi ne kyaftin. Ni direba ce kawai."

Haka na rubuta, haka kuma ya zauna a takardun yadin shekara da shekaru.

Direbar ce kuwa da gaske. Motar 'yan makaranta ta tuƙa tun tana matashiya har ta yi ritaya, kuma rabin mazan da ke aiki a yadin ta taɓa tsayar da mota a gefen hanya ta wanke su tas. 'Yar masunci ce, gajera mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana, amma in ta yi ta gama. Mijinta Merrill mai awon ƙasa ne, dogo, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana leƙen madubin awo a dazuzzuka da bakin hanyoyi, ba kuma abin da yake taƙama da shi kamar idonsa. 'Yarsu ɗaya ce, Joanne, tana aikin jinya a birnin Bangor.

Jirginsu mai tafiya da iska ne, sunansa Nellie C., sunan mahaifiyar Merrill. Tun farko suka raba aiki. Shi ke da taswira da kamfas da igiyoyin filafilai, ita ke riƙe da sitiyari. Zai leƙo daga ciki ya ce a nufi wuri kaza, ita kuma ta nufa. Abu ɗaya ne nata na karantawa, wato ma'aunin zurfi, wani ɗan akwati mai ruwan toka da ke manne a gaban sitiyari. Jirgin na da ƙaton nauyin dalma rataye a ƙarƙashinsa, wanda ke hana iska kifar da shi, kuma dalmar nan tana nutsewa ƙafa biyar da rabi cikin ruwa. Tun ranar da suka sayi akwatin Merrill ya saita shi da hannunsa, yadda zai riƙa faɗin ruwan da ya rage tsakanin dalmar da ƙasan teku. In ya nuna goma, to akwai sararin ƙafa goma a ƙarƙashinsu. Dokarsu kuma ɗaya ce, har Joanne kan rera ta tana yarinya: in ya nuna uku, a juya.

A kakar 2016 Darlene ta fara lura da wani abu. Merrill ya daina kallon ta ido da ido, sai ya riƙa karkata kai yana duban gefen kunnenta. Ran nan suna dawowa gida a jirgi ya tambaye ta ina jar alamar da ke kan ruwa a bakin mashigin gari, alhali tana gabansu, da ya miƙa sanda zai taɓa ta. Ta dai nuna masa. Da suka ɗaure jirgi ta kira asibiti.

Likitan ya ce tsakiyar idon ce ke mutuwa, duka biyun. Gefe-gefe zai rage, zai iya tafiya ba ɗan jagora, zai ga wucewar mutum, amma duk abin da ya tsura wa ido shi ne zai ɓace masa. Karatu ya ƙare, tuƙin mota ma haka.

Suka kama hanyar komawa gida. Sai da suka wuce gadar kogi Merrill ya ce, "Kada Joanne ta ji."

"Ma'aikaciyar jinya ce fa, tsoho. Kana ganin ba za ta gane ba?"

"Ta gane da kanta, ba daga bakinmu ba. Ran da ta ji, ran nan za ta rataya wa jirgin allon sayarwa. 'Yan yadi ma kada su ji. Ba zan zama abin a kama mini hannu a kan gadar katakon da ake ɗaure jirage ba."

Darlene ta dube shi. Hannuwansa na kan gwiwa, manyan hannuwa da suka san kowace igiya ta jirgin ko a duhu. Ta san in aka raba shi da ruwa, kujera ce ta rage masa da rediyo. Ta ce, "To."

Duk hunturun nan ta kwana ta tashi da lissafin yadda za a yi. Filafilai ba matsala ba ce, hannunsa zai yi. Taswirar ce damuwa. Tana cikin ɗakin jirgi a kan tebur, ita kuwa ba za ta saki sitiyari ta sauka ta duba ta dawo ba, balle cikin hazo, tsakanin duwatsu da igiyoyin tarkon masu kamun lobsta, ƙaton jatan landen teku. Mafita ɗaya ce: irin allon nan na zamani da ake kafawa a gaban sitiyari, mai nuna taswira da inda jirgi yake a kanta, da zurfin ruwa a kusurwa guda. Matsalar ita ce Merrill ya shekara ashirin yana yi wa masu irinsa dariya. Talabijin yake kiransa. Yakan ce wanda bai iya fensir da kamfas ba, ya zauna gida ya kalli talabijin ɗinsa a falo.

Da ta kawo maganar, ya juya kofinsa a hannu.

"Wendell zai kashe ni da tsiya," in ji shi. Wendell Alley mai kamun lobsta ne, abokinsa tun suna aji ɗaya.

"Ka ce ni na matsa. Ka ce tsohuwa ta fara tsoron hazo."

"Ke? Wa zai yarda?"

"Za su yarda. Maza ba sa wahalar yarda da irin wannan."

A watan Mayu Russ Thibodeau, mai haɗa wa yadin kayan lantarki, ya hau jirgin tun yana kan tudu bisa sanduna. Russ mutum ne mai tsabtar aiki, ba ya barin waya ko ɗaya tana lilo. Ya zaro tsofaffin wayoyi da gishiri ya cinye, ya huda gindin jirgi ya sa sabon idon auna zurfi, ya kafa allon a gaban sitiyari, ya ɗora ɗan farin tulun da ke kama tauraron ɗan'adam a kan ƙarfen baya. Da ya kwance tsohon akwatin mai ruwan toka, ya ɗaga shi ya ce, "Wannan ko gidan tarihi sai sun yi shawara." Darlene ta karɓa ta sa a jaka, ba ta yi dariya ba.

Al'adar yadin ce, in an gama aiki an saukar da jirgi ruwa, mai aikin ya zauna da kyaftin ya nuna masa komai, sannan ya miƙa masa jirginsa. Ranar da za a yi wannan, kamar an yi shela, mutane suka taru a kan gadar katako. Wendell na cikinsu, ya jingina da turke yana cin donat.

"Merrill, ashe kai ma an kai ka ƙasa," in ji shi. "Wace tasha yake kamawa? Akwai ƙwallo?"

"Akwai tashar da ke nuna inda ka jibge tarkunanka a kan hanyar mutane," Merrill ya mayar masa. "Direba ce ta matsa. Ka san tsufa."

Aka yi dariya. Russ ya goge hannu ya ce, "Kyaftin, bismilla, zo in nuna maka."

Darlene na tsaye a bayan sitiyari, inda ta saba tsayawa. Ita za ta riƙa kallon allon nan, ita ya kamata a nuna wa. Ta buɗe baki za ta ce bari ita ma ta saurara, sai Merrill ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Direba, ko za ki samo mana kofi? Russ tun safe bai sha komai ba."

Ta san muryar. In ta tsaya, Russ zai nuna abu ya ce a danna, hannun Merrill zai yi lalube, ita kuma ba za ta iya hana kanta miƙa nata hannun ba, mutanen kan gada kuwa suna kallo. In ba ta nan, zai naɗe hannuwansa a ƙirji ya yi ta gyaɗa kai irin na mai raina abu, ba wanda zai ga baƙon abu a nan. Ta ce a ranta ai akwai littafin bayani, za ta koya da kanta. Ta sauka ta tafi.

Da ta dawo da kofuna an kusa gamawa. Merrill na zaune, hannuwa a naɗe, yana duban gefen allon yana cewa, "Na gani. Na gani." A mota ta tambaye shi me Russ ya ce.

"Surutu. Danna nan, danna can. Ba abin da zai gagare ki."

Bai gagare ta ba kuwa. Ta yi ta zuwa jirgin da hantsi ita kaɗai, da littafin da tabaranta, har ta iya matso da taswira kusa da mayar da ita nesa, ta iya dasa alama, ta iya bin layi. Zurfin ruwa ne kaɗai ba ta nemi shafinsa ba. Lamba ce ƙatuwa a kusurwar allo, ita kuwa ta fi shekara talatin tana karanta wannan lambar. Ta lura kamar tana ɗan fin yadda ta saba, amma a nan teku kan cika ya janye da ƙafa goma sau biyu a rana, lambar ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba, don haka ba ta kawo komai ba.

Yuni da Yuli sun yi musu kyau. Suna fita cikin ruwa mai zurfi, ita tana faɗa masa abin da allo ya nuna, shi yana jan igiya yana gyara mata. Kunnensa na jin ƙararrawar alamun ruwa tun kafin ta hango su, fatarsa na gaya masa iska za ta juya. In sun wuce wani jirgi shi ke ɗaga hannu. Wata rana ya ce mata, "Talabijin ɗin naki ba laifi," ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Joanne ta zo sau ɗaya, ta ga uban yana zuba kofi da yatsa a bakin kofin, ta dubi uwar, uwar ta ce zo ki ga tumatirina.

Kowace shekara a watan Agusta sukan je Tsibirin Tumaki su yi kwanaki. Akwai wani ɗan lungun ruwa a bayan tsibirin da ba kowa ke shiga ba, don mashiginsa ƙunci ne da shi, kuma akwai dutse shimfiɗe a ƙarƙashin ruwa daga wannan gefe zuwa wancan. Ana haye shi ne in ruwa ya isa. In bai isa ba, a juya a jira. Su ba su taɓa damuwa ba, suna da dokarsu.

Ranar sun makara da fitowa, iska kuma ta kwanta a hanya. Kafin su iso ruwa ya fara janyewa, ga hazo ya sauko har ba a ganin goshin jirgi sosai. Suka sauke filafilai suka ta da inji. Darlene ta ga ɗan jirginsu a kan allo yana tsakiyar mashigi daidai, ta ji daɗi, don bara war haka da sai dai su jira a waje.

"Nawa?" in ji Merrill. Yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, hannu ɗaya a kan rufi.

"Sha ɗaya."

"Ci gaba."

"Tara." Ta ɗan yi dariya. "Bana an ƙara mana ruwa a nan, tsoho. Ban taɓa ganin tara a wajen nan ba."

"Kin ga amfanin zuwa da kyaftin."

"Takwas. Bakwai."

Ta ga ya karkata kai kamar mai sauraren wani abu daga nesa.

"Shida," in ji ta. Saura uku kafin a juya, don haka ba ta rage wuta ba.

"Darlene," ya ce, da sunanta, wanda rabon da ya kira ta da shi har ta manta.

Jirgin ya tsaya cak kamar ya ci karo da bango. Sitiyari ya daki ƙirjinta, kwanoni suka zube a ciki, Merrill kuwa ya tafi da baya ta ƙofar ɗakin ya faɗa ƙasa. Ta kashe inji ta sauka. Yana kwance tsakanin kujeru, jini na bin goshinsa, kafaɗarsa ta hagu ta sauka yadda bai kamata ba. Idonsa biyu. Ta danna masa tawul a goshi, ta ɗaga katakon ƙasa ta ga ruwa na tsattsafowa ta wajen kusoshin dalma, ba da yawa ba, amma yana shigowa. Ta ɗauki rediyon jirgi ta nemi taimako.

Wendell ne mafi kusa. Ya iso cikin hazo a hankali, bai yi tsiya ko ɗaya ba, wannan kuma ya fi tsiyar ciwo. Suka kinkimi Merrill zuwa jirginsa. Wendell ya ce ta zo su tafi, ta ce ba ta barin jirgin. Ruwa ya ci gaba da janyewa, Nellie C. ya kwanta a gefensa a kan dutse kamar saniya mara lafiya, ita kuma ta zauna a karkace tana buga famfo tana jiran cikar yamma. Abu ɗaya ke ta yi mata yawo a ka. Lokacin da suka daki dutsen ta dubi allo, biyar da rabi ya nuna. Ta yaya za a ce akwai ƙafa biyar da rabi a ƙarƙashinsu, suna kuma kan dutse? Ko na'urar ce ta yi ƙarya, ko kuma idonta ne ya ga abin da babu.

Da yamma ruwa ya ɗaga jirgin, Wendell ya dawo ya ja shi zuwa yadi.

A asibiti Joanne ta tare ta a baranda, da kayan aikinta a jiki.

"Ƙashin wuya ne ya karye, an ɗinke goshin. Zai warke. Mama, wa ke tuƙi?"

"Ni."

"Ga allo a gabanki, ga lamba ƙatuwa, a wurin da kika shiga sau ba adadi. Me ya faru?"

"Ban sani ba."

Joanne ta sassauta murya, irin yadda take yi wa marasa lafiya. "Kwanan nan kina mantuwa? Kina ajiye abu ki rasa? Ba laifi ba ne, Mama. Akwai likitar da na sani, tana duba irin wannan. Zan karɓar miki rana."

Darlene ta ce to, don ba ta da ƙarfin cewa wani abu.

Washegari ta je yadi. An ɗaga jirgin an ɗora a kan sanduna, goshin dalmar ya lotsa, ga tsaga a inda ta haɗu da gindi. Russ na tsaye a ƙarƙashi yana dubawa, fuskarsa ba annuri.

"Na'urarka ta yi mini ƙarya, Russell," in ji ta. Tun yana ɗan aji biyu a motarta haka take kiransa. "Biyar da rabi ta nuna, muna kan dutse."

Ya dube ta, ya dubi dalmar. "To ai daidai ne, Madam Coombs. Biyar da rabi ne nutsewar jirgin."

"Ban gane ba."

"Daga saman ruwa yake aunawa zuwa ƙasa. Haka nake saita su in akwai taswira a allo, don lambar ta yi daidai da ta taswirar. In ya ce shida, rabin ƙafa ne ya rage muku." Ya tsaya. "Na san tsohon naku daga dalma yake farawa, shi ya sa na tambayi kyaftin. Na nuna masa wurin a allo, na ce in bar shi haka ko in mayar irin na da? Ya ce in bar shi. Ya ce ya gani."

Darlene ta dafa sandar da ke tallafe da jirgin. "Ni ke kallon lambar, Russell. Kowa a yadin nan ya san ni ke tuƙi."

"Kyaftin nake miƙa wa jirgi, Madam. Haka muke yi." Ya dube ta. "Bai gaya miki ba?"

Ga maza biyu can suna wanke wani jirgi, sun rage ƙarar ruwan don su ji. Ta dube su, ta dubi Russ.

"Ya gaya mini," in ji ta. "Ni na manta. Ba laifinka ba ne."

Da aka sallamo Merrill ta jira har ya zauna a kujerarsa ta kicin, hannu a rataye, ta ajiye masa miyar kifi a gabansa, ta juya cokalin yadda zai same shi. Sannan ta gaya masa abin da Russ ya ce.

Bai taɓa miyar ba. "Na tuna," in ji shi. "Da kika ce shida na tuna."

"Ka ji shi ke nan lokacin da ya faɗa."

"Na ji. Kunnena ya ji. Amma hankalina duk yana kan inda zan ajiye idona, kada ya gane ba allon nake kallo ba. Yana cewa ga nan, ga nan, ni ina ganin toka. Ga Wendell a bayana yana taunar donat. Da ya ce in bar shi ko in canja, na zaɓi wanda zai sa ya yi saurin gamawa." Ya shafa ɗinkin goshinsa. "Kafin mu kai mota ya fice mini."

"Na ce wa Russ ka gaya mini, ni na manta."

Ya ɗago kai.

"Joanne kuma ta karɓar mini ranar ganin likitar ƙwaƙwalwa. Talata mai zuwa. Zan je. Za su ce in zana agogo don su gwada ni, in zana musu."

"Ba za ki je ba."

"To me zan ce mata? Ɗayanmu dai ya lalace, tsoho. Dole ta san wanne ne, ko ta zaɓa da kanta."

Ya dubi gefen fuskarta. Miyar ta huce a gabansa.

Ranar Juma'a ya ce ta kai shi yadi da ƙarfe goma, lokacin da ma'aikata ke taruwa shan kofi a ƙofar ofis. Ta ce ya bari ya ƙara warkewa, ya ce a'a. Da suka fito daga mota ya miƙo mata hannunsa mai lafiya, ya kama gwiwar hannunta, suka taka tare a gaban kowa. Russ na nan, Wendell ma ya zo sayen mai.

"Ku saurara, ba zan maimaita ba," in ji Merrill. "Ba na gani. Tun bara. Wendell, na san kai ne can don warin kifi, ba don na ga mummunar fuskarka ba. Russ ya gaya mini yadda ya saita ma'aunin, ni kuma ban gaya wa matata ba, don ina fama da ɓoye muku abin da ba ruwanku da shi. Ba ta manta komai ba. Ba ta taɓa manta komai ba, da ta manta da na huta."

Ba wanda ya yi dariya sai Wendell, shi ma kaɗan. Ya ce, "Ai tun Yuni na sani, wawa. Ka ɗaga wa turken gada hannu ka ce masa ina kwana."

Daga nan Merrill ya leƙo ofis ya ce mini in cire sunansa daga takardar jirgin in sa nata. Na cire na sa. Da suka koma gida ya kira Joanne da kansa.

Joanne ta soke ganin likitar, ta yi kuka ta ba uwar haƙuri, amma kan maganar jirgi sai ta ƙara tauri. Ta ce mutum biyu masu shekara saba'in, ɗaya ba ya gani, ba su da abin yi a tsakiyar duwatsu. Darlene ta ce jirginta ne yanzu, a takarda ma haka yake. Aka gyara dalmar cikin hunturu. Da bazara Russ ya mayar da ma'aunin yadda na da yake, tana tsaye a kansa, ya sa ta danna komai da hannunta.

Sai dai abin da ta yi wahalar dominsa bai dawo ba. Merrill kan bi ta jirgin, ya ja igiya in ta ce ya ja, amma ya daina tambayar nawa. Takan faɗi lambar duk da haka, da ƙarfi, ya yi shiru. Mutane kuma suka shiga kama masa hannu a kan gadar katako, da kyakkyawar niyya, yana barin su. A watan Agusta ta ce su je Tsibirin Tumaki, ya ce ta je da Joanne. Ba ta je ba.

A kakar 2019 Darlene ta sayar da Nellie C. ga wasu mata da miji daga Connecticut. Ranar miƙawa ta zaunar da su duka biyun a gaban allon, ta gaya musu daga inda ma'aunin ke farawa, ta sa kowannensu ya maimaita. Merrill ya rasu a watan Fabrairun 2021, ciwon zuciya, a gida. Bayan shekara guda Darlene ta sayar da gidan ta koma Bangor kusa da Joanne. Tana nan da ranta, tana kai tsofaffin cocinsu asibiti a motarta ranakun Talata da Alhamis. Ba ta sake hawa jirgin ruwa ba.